Kwamfutar da Ta Ƙi Karɓar Satumba

Shekara goma sha tara Ofelia Cantu ta yi a kan tebur guda a ofishin jin daɗin jama'a na gundumarmu, tana haɗa marasa lafiya da motar da za ta kai su wankin ƙoda. Asibitin mil saba'in ne daga nan. Teburina yana kallon nata. A tsaye take cin wakenta na rana, waya maƙale a kafaɗa.

Dokar da ta kafa shirin motar tana da wa'adi. Duk shekara shida sai majalisar jiha ta soke tsohuwar rana ta sa sabuwa, in ba haka ba shirin ya mutu da kansa. Sau uku ana ƙarawa, Ofelia ba ta ma san ranar da aka yi ba. Bana ma ba wanda ya ƙi, sai dai majalisa ta tashi a ƙarshen Mayu ba a kai ga batun ba. An ce wataƙila a kira zama na musamman.

A watan Yuli kwamfuta ta daina karɓar duk wata rana bayan talatin da ɗaya ga Agusta, ranar cikar wa'adin. Shugabar ofis ta ce kada a tayar wa kowa hankali tukuna.

Ranar Talata Delbert Haskins ya bugo. Tsohon mai haƙa rijiya ne, idonsa ya yi rauni, ɗansa tilo yana can nesa a jihar Alaska. Kullum tun saura wata biyu yake kama layi, kuma da ƙarfi yake magana, har ni ina ji.

"Mis Ofelia, har yanzu ba su kore ki ba?"

"In na tafi wa zai jure surutunka? Me kake so, tsoho?"

"Satumba. Litinin, Laraba, Juma'a. Kuma kar a turo min direban nan mai waƙa, wankin ƙodar ya fi shi sauƙi."

Ta danna Satumba. Bai buɗe ba.

"Mista Delbert, akwai maƙwabci mai mota?"

"Sue ce kaɗai, ita ma an karɓe mata lasisi. Lafiya?"

Ofelia ta dubi ƙofar shugaba. A rufe take.

"Ba ni lambar ɗanka."

Ya karanto lambar a hankali, har sau biyu, ba zolaya.

Da ta ajiye waya ta jawo jerin sunayen masu wankin ƙodar, mutum arba'in da uku. Ta ture kwanon wakenta gefe, ta buga lambar farko.