Ba a Auna Mai Rai a Kwance

Jikata ce ta zazzage jakarta a tabarmata, igiyar awo ta faɗo. Aikin likita take koyo, wai za a tura su ƙauye su auna yara. Na ce ta ɗauke min ita daga nan.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san igiyar nan ba. Ni na san ta a shekarar fari, muna zaune gefen Tondibia, kogi ya ja baya, rumbunmu babu komai sai warin ƙura. Soji ne da mulki. Motarsu ce ta kawo ɗaliban likita daga Yamai, kuma wanda motar soji ta kawo ba a tambayarsa me ya zo yi.

Suka ajiye katako ƙarƙashin gawo. Su kwantar da yaro, su auna shi daga kai zuwa ƙafa, su ɗaura masa igiya a damtse. Wanda ya rame a ba uwarsa madarar gari.

Kakata ta tsaya ta gani, ta dawo fuskarta a ɗaure. A wajenmu gawa ake aunawa a kwance, da kara, don a san tsawon kabari. Ta ɗauki ƙanwata, wadda ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta sa ta cikin rumbu, ta ce in tsare bakin.

Inna, uwarmu, ta yi ta roƙo a fito da ita, kaka ta ce koyo suka zo yi da ƴaƴan talakawa. Ranar da za su tafi, inna ta ture ni ta fito da yarinyar. Wata ɗaliba ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta yi wa malaminsu magana da faransanci. Mu ba a ce mana komai ba. Aka auna, aka ba da madara, mota ta tashi.

Ƙanwata ba ta ga damina ba. Kaka ta ce, "An auna ta." Inna ta ce, "An ɓoye ta." Har suka koma ga Allah ba su sake ci a ƙwarya ɗaya ba.

Yanzu an ce aikin likita ya kai ko'ina, ni dai ina kallo. Jikata tana naɗe igiyarta, sai na riƙe hannunta, na ce, "Ke, in kin danna ƙafar ɗan mutane, ki faɗa wa uwarsa abin da kika gani, da harshen da take ji, kafin ki hau mota."