Kejin da karya ta zaɓa wa kanta

Na ga abubuwa da yawa a yawon da na yi, daga Abijan zuwa Tamanrasat har ƙasar Faransa, amma ranar da muka nemi kejin ɗaukar karyar abokina a mota ba za ta taɓa fita raina ba.

Abokin nan makiyayi ne daga wajen Keita, tare muka tsufa. Yana da karya irin dogayen karnukan arewa masu siririn ƙugu da faɗin ƙirji, waɗanda in ka gan su sai ka rantse ba a ba su abinci. A Faransa na ga ƴan'uwansu ƙanana, ana sa musu riga saboda sanyi, ana kai su gasa cikin keji a bayan mota. Tasa kuwa ita kaɗai ta rage daga zuriyar karnukan mahaifinsa, ga shekaru sun fara ja mata, kuma babu namiji na asali a kusa. Irin waɗannan karnuka ba a sayar da su. Mai namiji ba ya ba da aronsa sai ya ga macen da idonsa, ya ga gudunta.

Da aka ce za a yi baje kolin dabbobi a Madawa, har da gasar karnukan farauta, kuma mutanen arewa za su sauko da nasu, sai ga shi a ƙofar gidana a Buza, da ita a bayansa.

"Alhaji, bashen nan taka, motar mai buɗaɗɗen baya, tana tashi kuwa, ko sai mun tara yaran unguwa su tura?"

"Tana tashi," na ce. "Kai dai hwaɗa mini, wanga abu da ka jawo kare ne ko tsani?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Duk wanda ya san hanyarmu ya san duwatsunta. Dabbar da ba ta da tsoka, in mota ta yi ta buga ta da ƙarfe, da ɗingishi za ta sauka. In kuwa ba ta yi gudu ba, an gama magana.

Muka fara zuwa wurin kafinta. Bawan Allah ya ƙi matsowa kusa da ita, daga nesa ya auna ta da ido, ya ga ƙugu kamar na zanzaro. Da muka koma sai ya fito da akwati dogo siriri, ko ƙirjinta ba zai shiga ba. Abokina ya zagaya shi ya ce, "Malam, gasa za mu, ba maƙabarta ba."

Daga nan muka nufi mai walda. Na zana masa a ƙasa irin wanda na gani a Turai, inda ƙa'idarsu ita ce kare ya iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta. Keji ya fito da kyau, har mutane na tsayawa kallo. Amma da ta sa ƙafa ɗaya, ƙarfen ya yi ƙara, ga shi ya sha rana, sai ta yi tsalle baya tana rawar jiki. Muka jefa nama ciki, ko kallo. Muka tura ta da ƙarfi, ta yi ta bugun sanduna har ta kuje ƙwauri. Nan abokina ya buɗe ƙofa da sauri.

"A bari, Alhaji," ya ce. "In Allah ya rubuta zuriyar ta ƙare a hannuna, ba zan karya ta da kaina ba."

Bayan azahar yana dafa shayinsa na bankwana, muka duba ba ta. Can muka same ta ƙarƙashin rumbun uwargidana. Ta haƙa rami cikin rairayi mai sanyi, ta naɗe dogayen ƙafafun nan, ta ɗora haɓa a bakin ramin tana kallon maigidanta. Mu tsofaffi biyu muka durƙusa muna leƙe kamar masu neman ƙwan zabi.

"Ka ga ba ƙunci take tsoro ba," na ce. "Nan ya fi kejin matsi."

"Inuwa take so," ya ce, "da ƙasa ƙarƙashinta. Kuma ta gan ni."

Sai muka shimfiɗa buhu a kejin, muka kwashi rairayin ramin nan muka zuba da kauri, muka rufe sama da gefe da tabarma, muka bar gaba a buɗe. Uwargida ta fito tana salati: "Sabuwar tabarmata za ku yi wa kare rumfa?" Na ce ai Madawa za mu, garin tabarmi. Abokina ya zauna a bakin kejin, bai kira ta ba. Ta zo ta shinshina, ta shiga, ta yi tono kaɗan, ta kwanta.

Washegari ya ƙi zama gaba. A baya ya zauna, ƙafarsa jingine da ƙofar kejin, ni kuwa na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. A Madawa ta sauko lafiya, ta miƙe, ta karkaɗe rairayi.

Ba ita ta ci gasar ba, wani matashin kare ya wuce ta. Amma yadda ta shimfiɗe da gudu a filin nan, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, sai da wurin ya yi tsit. Muna ba ta ruwa wani dattijo mai rawani ya zo ya tsuguna, ya tambaya da Tamajak, harshen Buzaye da nake ji daidai gwargwado, ɗiyar wace ce. Abokina ya jero masa uwa da kaka da kakar kaka. Dattijon ya miƙa masa igiyar namijinsa ya ce, "Ka maido mini shi bayan damina." Abokina ya karɓa da hannu biyu. Kafin shekara ta zagayo, ƴan kwikwiyo na cizon gefen rigarsa.

Abin da na koya ke nan: kafin ka gina wa wani wurin zama, dabba ne ko ɗanka na cikinka, ka tsaya ka ga inda yake kwanciya in ba wanda ya tilasta shi.