Tsohon da Na Kashe a Jarida

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai na zama wakilin wata jaridar Hausa a Funtua. Aikin ba ofis, keke ne kawai da alƙalami. In zaga kasuwanni da wuraren awon auduga, in rubuta abin da na samo, in kai tasha jirgin ƙasa ya wuce da shi Zariya. Ga ni da rawar kai a lokacin, gani nake duk abin da ban rubuta ba bai faru ba.

A wata unguwar Maguzawa bayan Tsiga akwai wani tsoho, sarkin noma, wanda aka sani har Malumfashi. Na ji ya daɗe a kwance. Ran nan da hantsi na biyo ta wajen, sai ga kiɗa na tashi daga gidansa, jama'a maƙil, an jera tukwanen giya, an yanka akuya. Ban shiga ba. Mu 'yan gari ƙyamar warin giyar muke yi, kuma duk kiɗan Maguzawa ɗaya ne a kunnenmu. Daga kan keke na yanke cewa tsoho ya cika, na rubuta, na ba jirgi. Ashe bikin samun sauƙinsa ake yi.

Bayan jarida ta fito, ina zaune rana tsaka a rumfar telan da nake rubutu, sai inuwa ta rufe mini takarda. Na ɗaga kai, ga tsohon tsaye, ƙura har gwiwa, jaridar a hannunsa.

Ya ce, "Kai ne mai rubutun?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Karanta mani."

Haka na karanta wa mutum labarin mutuwarsa, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar ana gaya masa farashin dawa. Da na gama ya ce tun da aka karanta a kasuwa mutane ke kauce masa a hanya, ba mai shan ruwa a ƙwaryar da ya sha, matarsa ma sai ta duba ko yana barin sawu a ƙasa. Ya ce, "Wurinmu in aka kira ma mutum mutuwa, zuwa take. Ka maida ni, ɗan malam, tun ba ta iso ba."

A gabansa na rubuta gyaran, na ruga tasha. Edita ya riƙe shi mako biyu, wai babu fili. Ranar da gyaran ya fito na hau keke zuwa gidan tsohon ban ko karya ba. Tun daga nesa na ji kiɗa, kuma wannan karon kunnena ya gane bambancin. Da safen nan suka binne shi. Na tsaya a bakin danga riƙe da jaridar da ke cewa yana nan da ransa, lafiya lau. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Da damina ta faɗi babban ɗansa ya zo rumfar. Ya ce, "Malam, ka sake rubuta mashi ya mutu." Wai suna tarar da gonarsa a nome, galmarsa da ke rataye kuma da ɗanyar ƙasa a bakinta. Mata sun daina bi ta gindin ɗorawar gonar da rana. Tunda takarda ta ce yana da rai, shi ya sa bai kwanta ba.

Na rubuta, na roƙa. Edita ya aiko mini da layi ɗaya, cewa mutum ba ya mutuwa sau biyu a jaridarsa.

Na tsufa a aikin nan, ban ƙara rubuta rasuwar kowa ba sai na ga kabari da idona. Amma shi, har yau a takarda yana da rai. Sau ɗaya na sake bi ta wajen, bayan shekaru. Unguwar ta tashi, gidan ya zama kufai, gonar kuwa a nome take tas. Ban tsaya tambayar wa ke noma ta ba.