Yadda Na Sa Kaka Ta Ɗaure Kayan Chadi

A dogon hutun makaranta na shekarar 1988, wata safiyar Talata, ina tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da tiren dafaffiyar gyaɗa a kaina, sai wata mata mai tabarau ta sauko daga jirgin Kaduna rungume da takardu har haɓarta. Shekaruna sha huɗu a lokacin, kuma duk unguwarmu an san ba a ba ni labari ya kwana yadda yake. Idan akuya ta haifi biyu da safe, kafin azahar na mai da su bakwai.

Matar daga wata jami'a ta zo. Tana bin masu lodin citta da direbobin tirela tana tambayarsu ina kayansu ke zuwa, kwana nawa suke yi a hanya, sau nawa ake sauke su a kan iyaka. Ta ce tireloli suna cinye kwalta suna shanye mai, alhali tarago ɗaya zai kwashe abin da suke ɗauka. Tambayarta ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai: da layin dogo zai wuce Maiduguri ya shiga Chadi, za ku hau? Duk wanda ya amsa sai ta rubuta sunansa. To, a wurinmu ba a rubuta sunan mutum a banza. Sai dai idan rabon taki ne ko buhun masara na coci. Ban tsaya sayar da sauran gyaɗar ba, na ruga gida ina haki, na shaida wa duk wanda na gamu da shi cewa jirgi zai fara zuwa Chadi ranar Asabar, kuma wanda aka rubuta sunansa kyauta zai hau.

Abin da ban lissafa ba shi ne kakata Saratu tana bakin murhu tana ji. Ɗanta na ƙarshe, Kawu Bitrus, makanike ne, ya bi wata tirela zuwa Njamaina shekara shida da suka wuce, sai wasiƙa jefi-jefi. Duk addu'ar safe sai ta ambaci sunansa sau uku. Nan take ta ajiye muciya, ta ja hannuna har tasha, ta sa matar ta rubuta sunanta, har ta dangwala yatsa ba a ce ta yi ba. Kwana uku gidanmu ya koma kamar na biki. An daka yajin citta, an soya ƙuli-ƙuli, an ɗura zuma a kwalba, matan zumunta suka zo suka yi mata addu'ar tafiya. Ni kuwa ina wanke-wanke na san babu jirgin da zai je Chadi, don tun ranar Laraba na koma tasha na ji da kunnena matar tana cewa bincike kawai take yi.

Ranar Asabar Kaka ta ci ado da zanen coci, ta ɗora mini ƙunshinta, muka isa tasha da rakiyar rabin unguwa. Matar ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Mama, ai ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba bayan Maiduguri. Wa ya gaya miki?" Kaka ba ta nuna ni ba. Juyowa kawai ta yi ta dube ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin tarago. Na durƙusa na faɗi gaskiya ina kuka, majina har wuya.

Sai Kaka ta kira sunana ta ce, "Laraba, kayan da aka yi wa addu'a ba ya komawa ɗaki. Tashi ki ɗauka, mai baki kamar rediyo. Inda jirgi ya tsaya, mu ba a nan za mu tsaya ba."

Haka na samu horon da ya fi kowane horo daɗi a duniya. Babana ya saya mana tikiti yana girgiza kai. Jirgi ya hau duwatsun Filato yana nishi kamar tsohon jaki, ya gangara Bauchi, ya ratsa Gombe, ni kuwa kaina yana waje ta taga har idona ya cika da ƙura. A Maiduguri muka hau bayan wata a-kori-kura tare da buhunan albasa da tunkiya mai yawan surutu, wadda na rantse ta fi ni ƙarya. A Gamboru aka tsayar da mu a bakin gadar shiga Kamaru, wadda ake bi zuwa Njamaina, don ba mu da takardar ƙetare iyaka. Kaka ta zauna a kan ƙunshinta ta ce ko sojoji goma ba za su ɗaga ta ba. Wani mai fataucin goro ya tausaya, ya karɓi saƙo zuwa ga Kawu Bitrus ya ƙetara da shi.

Kwana biyu muna zaune a rumfar wata mai abinci. A na uku sai ga wani dogon mutum da baƙin mai a farcensa yana gudu a kan gada yana ihu, "Mama! Mama!" Kaka ta fara zabga masa mari, sannan ta rungume shi, su biyun suna kuka, ni ina tsalle ina sanar da jama'a cewa ni na shirya komai.

Yanzu idan na je gida nakan bi ta tashar. Ciyawa ta rufe dogo, yara suna buga ƙwallo inda muke jiran jirgi, citta kuma duk a tirela take fita. Kaka ta rasu, Kawu Bitrus ya dawo ya tsufa a Godogodo, nan kusa da Kafanchan. Har yau ina kewar lokacin da hanya ke da tsawo amma mutane ba sa jin tsoronta.