Ranar da Na Kashe wa Baba Masaƙi Waƙarsa

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe abin da bakina ya jawo a shekarar da aka yi ɗiban gwamna, wato kwasar mutane aikin tilas, a Tudun Wada ba. Lokacin unguwar 'yan bukkoki ce a bayan ganuwa, duk baƙi muka taru. Wata safiya dogarai suka tisa ƙeyarmu zuwa aikin hanyar jirgi, ko sallama da iyali ba a bari mun yi ba.

A cikinmu akwai maƙwabcina, wani dattijo masaƙi, siriri kamar kara. Ƙasa muke ɗauka a kwando tun safe har la'asar sakaliya. Kowa fuska a murtuke, amma shi Baba da mun ɗora kwando sai ya tsiri waƙa, a riƙa amsawa. Waƙar ba kai ba gindi. Yau ya yabi inuwar wata ɗorawa, gobe ya tsokani wani mai sanƙo wai gammo ma zamewa yake a kansa. Sai ka ga ƙato da kanta a wuya yana dariya.

Ni kuwa lokacin ba a taɓa ni sau biyu. Na lura in yana waƙa ƙafafunmu sun fi sauri, heluma, wato shugaban leburori, da ke tsaye a kanmu da bulala har murmushi yake. Abin ya ci ni. Ran nan muna hutun azahar na tsaya a gaban kowa na ce, "Baba, ka ji kunya. An raba mu da gidajenmu, kai kuma ka zama maroƙin Bature, kana kaɗa mu kamar jakuna."

Ya dube ni, ya ce, "To, ɗana. Na bari."

Ya kuwa bari. Na ɗauka na yi abin kirki, har ina hura hanci. Kwana uku kwando ya ninka nauyi. Mutum biyu suka ba hamata iska a kan ruwan sha. Mai sanƙon nan ya zauna a tsakiyar hanya ya ce a kashe shi ya huta, aka zane shi a gabanmu. Aikin Bature bai ragu da taku ɗaya ba, mu ne muka ragu.

Sai zazzaɓi ya kayar da Baba. Na je na same shi kwance a ƙarƙashin ɗorawar da ya taɓa yi wa waƙa, na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Ai ba don Bature nake yi ba. Ya karɓi ƙarfina. In na ba shi zuciyar ma, me zan kai wa tsohuwata gida?" Ya gwada ɗaga murya, tari ya hana shi. A gindin ɗorawar muka binne shi washegari.

Da aka sallame mu, ni na kai wa matarsa hularsa. Na tarar da zaren da ya ja a tsakar gida yana nan, ba ta bari an naɗe ba. Ta gama kukanta ta ce, "Ɗana, ka gaya mini abu guda. Ya dai ci gaba da waƙarsa ko? In yana waƙa, na san bai wahala ba."

Na ce, "Ya ci gaba, Inna." Ƙarya na yi mata, kuma har gobe tana ɗaci a bakina.

Abin da na koya shi ne, mai sakin fuska cikin wahala ba wawa ba ne, abin da ya rage masa yake rabawa. Muryata ba daɗi, yaran unguwa ma dariya suke mini. Amma tun daga ranar, duk inda aka taru aikin gayya, ni nake fara waƙa.