Ranar Da Na Tuƙa Tirela Ba Makulli

Yanzu sunayen jikokina ma sai na yi ta laluɓe, amma akwai wata Juma'a a Tudun Wadar Gombe da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne, kowa na gini, ni kuma ina amarya wata biyar, ga rawar kai kamar me.

Maigidana direba ne. Shekara tara yana jan wata tsohuwar akori-kura a wurin wani Alhaji mai motoci, har Alhajin ya sayo tirela sabuwa fil mai birkin iska, ya tsallake direbobi shida ya damƙa masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ba mai hawa kujerar direba sai shi. Ranar ya iso daga Legas da lodin siminti ana dab da sallar Juma'a, sai ya faka a ƙofar gida, ya tokare tayar gaba da waigin katako, ya jefa makullin tayar da mota a aljihu. Na ƙofar motar ya miƙo mini.

"Ki kwaso kayana masu datti ki kulle. Kar ki taɓa komai."

Na ce to, har da rusunawa. Yana shan kwana na leƙa katanga na kira maƙwabciyata, wata tela 'yar Kaltungo da ta fi ni son dariya. Maza duk sun tafi masallaci, layi ya zama namu. Muka hau muna shafa kujeru, muna kallon kanmu a madubi. Ana cikin haka sai ga mai hoton unguwa a kan kekensa, shi ma ba mai zuwa masallaci ba ne. Abin nema ya samu!

Na canza ɗankwali na ɗare bayan sitiyari, ƙawata ta zauna a gefena. Mai hoto ya tsaya gaban motar, ya ce katakon nan yana ɓata masa hoto. Ni da bakina na ce ya cire. A tunanina mota ba makulli ɗaki ce kawai mai taya.

"Madam, kama wani abu, ki yi kamar kina tuƙi."

Na duba na ga wani maɓalli ruwan ɗorawa, ɗan ƙarami kamar murfin kwalba, ya dace da zanena. Na dafa shi da tafin hannu ina murmushi. Ya shige ciki. Iska ta ce fusss.

Layinmu gangare ne, ƙarshensa kwari. Da farko na ɗauka gidan maƙwabta ne yake tafiya. Mai hoto kuwa ido na cikin kyamara, yana ja da baya yana cewa, "Madam, daina matsowa, ba ki fitowa duka!" Sai da ya ɗago kai ya ga siminti buhu ɗaruruwa na nufo shi, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata. Ta bi ta kan kekensa ba ko sallama.

Na fara salati, ƙawata na kiran Yesu, kowa na jan nasa.

"Amarya, taka! Taka!"

"Wanne zan taka?"

"Mai faɗin! A keke ma mai faɗi ake takawa!"

A keken ɗinki takawa tafiya take sawa, amma a lokacin wa ke da hankalin lissafi? Na taka da ƙarfina duka. Motar ta yi wani nishi ta tsaya cak, goshinmu ya gaisa da gilashi. Tsakaninmu da bakin kwarin bai fi tsawon tabarma uku ba.

Tsayawa ɗaya ce, sauka kuma wata. Da na ɗan sassauta ƙafa sai iska ta huce, motar ta gyaɗa kai. Ba wadda ta san yadda ake mayar da birkin, ni kuma na rantse ba zan ƙara taɓa komai da hannu ba. Matan layi suka fito, wannan da turmi, waccan da dutsen niƙa, suna cusawa ƙarƙashin taya. Wata ta hau tana yi mini fifita, wata tsohuwa na cewa, "Riƙe dai, direba, an kusa idar da huɗuba." Ina kuka, ƙawata ta dube ni ta fashe da dariya, ni ma na kama. Haka muka yi ta yi har maza suka sauko daga masallaci.

Malam, maigidan nawa, ya ratso taron, ya hau, ya sa yatsa biyu ya jawo maɓallin nan waje. Shi ke nan fa.

"Sauke ƙafar."

Ta ƙi sauka. Sai da ƙawata ta ɗaga mini ita da hannu.

Dariyar ta ƙare washegari da safe, da Alhaji ya zo da kansa. Ina laɓe bayan ƙofar zaure na ji Malam yana cewa, "Alhaji, laifina ne. Ita ba ta san motar na iya tafiya ba makulli ba. Ni na sani, kuma ni na bar birkin a sarari." Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi makullinsa. Alfarma ɗaya Malam ya roƙa: a bar shi ya kai motar wurin mai walda a ƙera wa maɓallin murfin ƙarfe mai kwaɗo, don wanda zai gaje shi.

Damina guda ya yi a tsohuwar akori-kurarsa, ruwa na zubo masa ta rufi, kafin a mayar masa da tirelar. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi, domin duk ranar da ya dawo a jiƙe, ni ce nake matse rigar.

Tun daga nan na koyi cewa abin da ban sani ba, tambaya nake yi kafin in kai hannu, komai ƙanƙantarsa. Karambani daɗi gare shi a wurin mai yi, amma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne yake ɗaukar nauyinsa.