Mai Kamun Kwaɗi a Bayan Ƙofar Guga

Ban san sunan matar ba. Tana tsaye cikin kududdufin da damina ta cika, ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu, takalman roba har gwiwa, tabarau na zamewa a kan hancinta. Ba ta kama kwaɗo sai ta jiƙa hannu, sannan ta ɗauke shi kamar jinjiri ta sa a bokiti. Ina jin malamar kimiyya ce, kuma yadda take share masu yi mata dariya ya nuna ba yau aka fara ba.

Wani dattijo ya tsaya a bakin ruwan. "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah. Wannan ai aikin bokaye ne."

Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, fatar kwaɗo gishiri take ja daga cikin ruwa, jan nan kuwa yana haifar da 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka. Wanda ya halicce shi ne ya sa ta. Ni aunawa kawai nake yi."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, ita kuwa har ta duƙa, hannu cikin laka.

"Ɗan matsa, Baba, inuwarka tana kore mani su."